Yadda Za Ka Riƙe Kanka In Sha'awar Bet Ta Dawo Bayan Ka Daina

Ɗan uwa, in ka taɓa jin alat ya shigo waya, tun kafin ka duba ko nawa ne kaj ji wani abu ya motsa a ƙirjinka, babban yatsanka ya fara laluben manhajar nan da kar rantse ka goge, to da kai nike magana. Ni ma na yi shekara huɗu cikin bet, wato cacar wasannin ƙwallo, tun daga shagon da ke bayan layinmu a Mabera, nan Sakkwato, har abin ya koma cikin waya inda ba mai ganinka, kuma yanzu ina cikin shekara ta biyu da barin ta. Na bari ya fi sau goma kafin wanga karon ya zauna. Duk sauran lokuttan da niyya kawai nike bari, in rantse bayan sallar Asuba, in yi kwana tara ko sati uku, sai wata Asabar ta iske ni da dubu biyar a aljihu da yini mai tsawo ba aikin yi, shike nan. Abin da yab bambanta karon ƙarshe shi ne na daina jiran sha'awar ta taso sannan in yi kokawa da ita, na koma ina shirya mata tun tana barci. Shirin ne nike son in shimfiɗa maka, yadda nay yi shi da inda nat tuntuɓe.

Mataki na farko: ka yi wa kuɗɗin da sunka tafi jana'iza

Nan zan daɗe, don nan ne igiyar da ke jawo mutum baya take. Ka tambayi duk wanda ya koma bayan ya bari, ba zai ce maka yana son ya yi arziki ba, cewa zai yi "so nike in maido nawa kawai in fita." Wannan magana ta cinye babura da filaye da jarin mutane da yawa a garin ga. Muddin a ranka kana ganin kana bin kamfanin bet bashi, to ba ka daina ba, hutu kake.

Ga abin da za ka yi, kuma ka yi shi da biro da takarda ba a ka ba. Ka buɗe manhajar bankinka, ko Opay ko PalmPay ko wacce kake amfani da ita, ka ciro sitetimen na wata shida ko shekara. Ka bi layi-layi ka tara duk abin da kat tura ma bet, ka tara duk abin da yad dawo, ka cire. Ka ƙara da na shago da kake iya tunawa. Zai yi ciwo, ni ranar da nay yi nawa ban iya cin tuwon dare ba, don a kaina ina ganin kamar na kusa yin canjaras, ashe cin nan guda biyu manya kawai nike tunawa, ɗaruruwan dubu ɗaya-ɗaya da ɗari biyar-biyar duk na shafe su. Ka rubuta jimlar da manyan lambobi, a ƙasa ka rubuta kwanan wata, ka ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un kamar yadda za ka ce in gobara ta ci maka shago. Wanda gobara ta ci ma kaya ba ya tsayawa yana tonon toka, sabon jari yake nema. Ka ninke takardar ka sa a bayan waya ko a walat, za mu dawo kanta.

Kuma don zuciyarka ta yarda cewa kuɗɗin ba za su dawo ta wannan hanya ba, bari mu yi lissafi na 'yan firamare. A ce wasa ne da ɓangarori biyu suke daidai wa daida, kamar kan kwabo da gindinsa. Adalci shi ne a ba ka od 2.00, wato in ka ci a ninka maka abin da kas sa sau biyu, amma kamfani zai ba ka kamar 1.90. In kai ka sa dubu ɗaya nan, wani ya sa dubu ɗaya can, kamfani ya karɓi 2,000 ya biya wanda yac ci 1,900, ya riƙe 100, ko wa yac ci. Wato naira biyar cikin kowace ɗari tasu ce tun ba a busa usur ba. To in ka jera wasa goma a tikiti ɗaya yadda muke yi, wannan yankan yana ninkuwa ne wasa bayan wasa, har ya kai kusan naira 40 cikin ɗari. Ko ka ɗauka kowane wasa cikin goman yana da damar shiga kashi 60 cikin ɗari, irin wanda muke ce ma shuwa, damar duka goman su shiga tare kusan sau 6 ne cikin 1,000. Shi ya sa kullum wasa ɗaya ko biyu ke yanke maka, ba baƙin jini ba ne, ba sammu ba ne, haka anka gina abin. Bacuwal, wato wasannin da kwamfuta ke bugawa, da cacar jirgin nan mai tashi a waya kuwa ba ma ƙwallo ta gaske a ciki, kwamfutar kamfanin ce ke fidda sakamako, ba wani nazari da za ka yi mata.

Mataki na biyu: ka san mi ke faruwa a cikin kanka

Ba zan tsawaita ba amma sanin wanga ya rage mini tsanar kaina. Akwai sinadari a ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira dofamin, shi ke sa mutum zumuɗin neman abu. A caca ba sai ka ci yake tashi ba, jiran sakamako ma yana tada shi, kuma "saura kaɗan" ɗin nan, wasa tara sun shiga ɗaya ya yanke a minti na 89, ƙwaƙwalwa tana karɓar sa kusan kamar ci, sai ta ce maka sake. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka tun 2013 sunka sa jarabar caca a aji ɗaya da jarabar kayan maye, Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta lissafa ta cikin cututtuka. Mu kuma tun kafin su Alƙur'ani ya haɗa giya da caca a aya ɗaya, a Baƙara aya ta 219 da Ma'ida aya ta 90, a ta 91 kuma yac ce Shaiɗan so yake ya jefa gaba da ƙiyayya tsakaninku ta hanyar su, ya hana ku ambaton Allah da salla. Ka tuna sallolin La'asar nawa kaj jinkirta kana kallon sikirin.

Amfanin sanin haka shi ne, in sha'awar ta zo bayan wata biyu da tubanka, kar ka ce ashe tubana bai karɓu ba, ashe ni munafuki ne. A'a. Tsohuwar hanya ce da ƙafa ta saba, ciyawa ba ta gama rufe ta ba.

Mataki na uku: ka fidda kuɗɗi daga hannunka

Wanga shi ne yaf fi yi mini wuya, kuma shi ne yaf fi aiki. Caca tana buƙatar abu uku a lokaci ɗaya, kuɗɗi da lokaci da ƙofar shiga, in ka cire ɗaya ta tsaya. Kuɗɗi ne mafi sauƙin cirewa in ka iya haɗiye girman kai.

Ka zaɓi mutum ɗaya, ba biyar ba. Matarka, ko yayanka, ko mahaifiyarka, ko ubangidanka na kasuwa, wanda kake jin nauyinsa kuma ba zai kai maganarka majalisa ba. Ka gaya masa gaskiya duka har da lambar da kar rubuta a takarda, don rabin gaskiya ƙofa ce da kab bari a buɗe ma kanka. Ni yayana nas samu bayan Isha'i a ƙofar gida, na yi ta kewaye-kewaye har yac ce "wai mi ya faru ne, hwaɗi mana." Da nag gama ya yi shiru ya daɗe, sannan yac ce "to mi kake so in yi maka?" Na ce Yaya ka riƙe mini kuɗɗina.

Tsarin da munka yi ga shi. Ranar da kuɗɗi sunka shigo, a ranar, a cikin awa ɗaya, ba gobe ba, ana sayen abincin wata, a biya kuɗɗin haya da na makarantar yara da adashi, abin da yar rage ya koma asusun shi. Katin ATM yana wurin shi. Ni kullum da safe ana turo mini na abinci da na kabu-kabu kawai. In ina son sayen wani abu babba sai in faɗa, ya tura ma mai kayan kai tsaye. Na rage iyakar abin da zan iya turawa a rana a manhajar banki, na rufe ƙananan asusun nan da mutum ke buɗewa a waya cikin minti biyu, don su ne maɓoya. In kai ɗan kasuwa ne da ciniki ke shiga hannunka kullum, ka tsayar da lokaci, misali kafin Magariba, ka je wurin mai POS ka tura cinikin ranar, kar ka kwana da shi. In manomi ne kai mai samun kuɗɗi a dunƙule, ka sai da albasa ko shinkafa ko ka kai dabba kasuwar Kara, to kar ka tafi kai ɗaya ranar karɓar kuɗɗin, ka tafi da wanda zai dawo da kai gida. Babban kuɗɗi a hannun mai jinyar caca kamar fetur ne kusa da murhu.

Za ka ji kamar an maishe ka yaro, ka ji haushi ran da kake son naira dubu biyu sai ka yi bayani. Ka daure wata shida aƙalla. Kuma ka gaya ma mai riƙon tun farko cewa akwai ranar da za ka zo da ƙarya mai kyau, ka ce aboki ne ba lafiya ko mashin ya lalace, ka roƙe shi tun yanzu ya ce "mu je in gani."

Mataki na huɗu: ka toshe ƙofofin waya

Goge manhaja kaɗai ba ya komi, minti ɗaya ka sake sauke ta. Kafin ka goge, ka shiga kowane asusu ka cire abin da yar rage, ka nemi wurin da ake rufe asusu ko hana kai shiga, da yawansu suna da shi a ɓoye can cikin saiti, in ba ka gani ba ka rubuta musu cewa kana da matsalar caca a rufe maka har abada. Kar ka zaɓi hutun sati ɗaya, ka zaɓi mafi tsawo. Kuma kar ka ce bari in buga ragowar ɗari uku ɗin nan ta ƙare, na yi haka sau biyu kuma duka biyun komawa ce.

Sannan ka sa manhajar da ke toshe shafukan caca. Akwai BetBlocker, kyauta ce, akwai Gamban ita ana biya. Ka sa ta a kowace waya da kwamfutar da kake taɓawa, ka zaɓi dogon lokaci, gaban mai riƙon kuɗɗinka. Ka tura STOP zuwa 2442 don rage saƙonnin talla da ke shigowa layinka. Ka fita daga duk gurup na WhatsApp da Telegram masu raba od da masu cewa suna da wasan da anka riga anka shirya, waɗannan ma damfara ce a kan damfara, wanda ya san sakamakon gobe ba zai sayar maka da shi dubu uku ba. A Facebook da TikTok duk tallar bet da kag gani ka danna ka ɓoye ta, ka daina bin masu ɗora hoton tikitin da yac ci. Manhajar duba sakamakon wasanni ita ma ta tafi, na san za ka ce ai ita ba caca ba ce, amma ka lura da kanka, kana duba ta kana cewa "da na sa oba, cacar yawan ƙwallaye, da ta shiga."

In duk da haka kana samun hanya, ka ajiye babbar waya wata biyu ka riƙe ƙarama mai tocila. Na yi haka daga watan Rajab har bayan ƙaramar Salla kuma ban mutu ba, kwastomomi sun same ni. A 2024 Hisba a Kano ta rufe shagunan bet da dama, mutane sunka yi ta muhawara, ni dai abin da nas sani shi ne ko an rufe kowane shago nan Sakkwato daga Dandima har Kwannawa, wanda ke cikin aljihunka kai ɗai ke iya sa masa kwaɗo.

Mataki na biyar: ka san lokuttanka

Sha'awar nan tana da agogo. Ka ɗauki sati biyu kana rubuta duk sa'ad da tat taso, ƙarfe nawa, kana ina, da wa, mi yaf faru kafin nan. Za ka ga tana maimaita kanta. Nawa su ne Asabar daga ƙarfe uku zuwa dare lokacin Firimiya, daren Talata da Laraba na Zakarun Turai, ƙarshen wata, da kuma duk ranar da munka yi cacar baki a gida ko mai bin bashi ya kira ni. Sai kuma tsakar dare a watannin zafi, Afrilu da Mayu, ba wuta, ɗaki kamar tanda, an fito waje an shimfiɗa tabarma barci ya ƙi zuwa, waya a hannu. Wannan lokacin ya ci ni ba adadi.

Kowane lokaci ka ba shi aiki tun kafin ya zo, aiki na ainihi mai wuri da mutum da ke jiranka, ba "zan samu abin yi" ba. Ni Asabar da La'asar na koma buga ƙwallo da ƙafata a filin unguwa, daga nan karatu tsakanin Magariba da Isha'i a masallacinmu. Daren Talata da Laraba na ɗauki kai yara gaida kakarsu a Runjin Sambo. Da dare waya tana caji a ɗakin matata, ba kusa da kaina ba. Gidan kallon bal na bar shi kaka ɗaya cur, kuma ina ba ka shawara ka yi haka, don rabin masu ihu a wurin ba ƙungiya suke ma ihu ba, tikiti suke ma. Ka sauya hanyar da kake bi in tana wucewa ta gaban shagon, ko da zagaye zai ƙara maka naira ɗari na kabu-kabu.

Mataki na shida: in ta taso, ga abin yi a minti talatin na farko

Duk shirin da kay yi, wata rana za ta zo. Ba ta zuwa da sunan caca, tana zuwa da hujja. "Ɗari biyu kawai don in gwada ko na warke." "Wanga wasan ko makaho ya san sakamakonsa." "Salla ta matso ba kayan yara." Muryarka ce take amfani da ita shi ya sa take da daɗin saurare.

Abu na farko, ka kira ta da sunanta, a fili in ba kowa kusa. Ka ce wannan sha'awar bet ce, ta zo, a'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. Na biyu ka duba agogo ka ce ba zan yanke komi ba sai nan da minti talatin. Kar ka ce har abada a wannan lokacin, har abada ta yi ma zuciya nauyi, minti talatin kowa na iyawa. Na uku ka tashi daga inda kake, jiki ya motsa, ka ajiye waya ka fita, ka yi alwala da ruwan randa mai sanyi, ka yi raka'a biyu, ko ka taka har bakin titi ka dawo, ko ka je wurin mai shayi inda dattawa ke zama ba inda samarin tikiti suke ba. Na huɗu ka kira mutuminka. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ni da Yaya kalma ɗaya gare mu, in na ce "Yaya ta motsa" sai ya ce "taho shago" ko ya tsaya muna hira a kan komi har ta wuce. Na biyar ka fiddo takardar nan ka karanta lambar.

Sannan ka yi abin da ni yaf fi taimaka mini, ka ƙarasa fim ɗin. Sha'awa farkon kawai take nuna maka, zaɓen wasanni, zumuɗi, alat na ci. Kai ka ci gaba da kallo har ƙarshe, ɗari biyu ta tafi, ka sa ɗari biyar don ka maido ta, ƙarfe ɗaya na dare kana sauke manhajar bashi, da safe matarka ta ce ba kuɗɗin cefane ka ce ciniki ne bai yi ba, kana kallon ƙasa. Ka taɓa ganin wanga fim, ka san yadda yake ƙarewa.

Abin da za ka lura shi ne sha'awar tana hawa, ta kai ƙololuwa har ka ji kamar ba ka iya numfashi, sannan ta sauka da kanta ko ba ka ba ta komi ba, kamar guguwar bazara da ke tada ƙura ta rufe gari, in ka shige ɗaki ka rufe taga sai ka ji ta lafa. A nawa ba ta cika wuce rabin awa ba. Kuma duk wadda kab bari ta wuce ba ka ciyar da ita ba, ta gaba tana zuwa da ƙarancin ƙarfi. A watan farko kullum ne, har sau uku a rana, yanzu sai in yi sati biyu ban ji ta ba.

Mataki na bakwai: abokai

Ba sai ka yi gaba da kowa ba, amma ka shirya amsarka tun a gida. Gajera, ba wa'azi. "Na bari, kar ka sake turo mini." In yac ce haba kai ma dai, wanga shuwa ne, ka maimaita maganar nan dai ba ƙari. Kar ka karɓi aiken buga ma wani, kar ka ara ma wani wayarka ya buga, kar ka ba da shawarar wasa ko da an ce ai kai ka san bal. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim cewa wanda yac ce ma abokinsa zo mu yi caca to ya yi sadaka. Ka duba fa, faɗa kawai, bai ma buga ba. Ni na ɗauki wanga na maishe shi doka a kaina, duk ran da bakina ya suɓuce na shiga hirar od sai na fidda ɗari biyu na ba almajiri.

Wasu za su ja baya da kai, za ka gane tikiti ne kawai ya haɗa ku. In ka samu wani da shi ma yake ƙoƙarin bari, ku riƙe juna. A Amurka tun 1957 masu irin matsalarmu sunka kafa ƙungiya a Los Anjalis, ba komi suke yi ba illa su zauna su gaya ma juna gaskiya su ƙirga kwanaki, yau kawai, gobe ma a ce yau kawai. Mu uku ne muke haka bayan sallar Juma'a, kowa ya faɗi kwana nawa yake da su da inda yak kusa zamewa.

Mataki na takwas: bashi

Bashi shi ke tura mutum komawa fiye da kwaɗayi, don in an matsa maka sai ka ga ba mafita sai babban ci guda. Ka rubuta duk masu bin ka da adadin. Ka je ka same su da ƙafarka kafin su zo, ka ce Alhaji ba ni da shi duka, amma zan riƙa kawo kaza duk Juma'a, kuma ka faɗi abin da za ka iya ko da kaɗan ne. Mafi yawan mutanenmu in sun ga gaskiya suna sassautawa. Ka fara da na manhajojin bashi masu ruwa da ke hawa kullum, ka biya ka goge, kar ka ci wani don ka biya wani. Biyan ya bi ta hannun mai riƙon kuɗɗinka. Nawa wata goma sha huɗu yac ci.

Mataki na tara: in ka zame

Ina roƙon Allah kar ya faru, amma ka san abin yi tun yanzu. Haɗarin ba ɗari biyar ɗin da kas sa ba ne, haɗarin shi ne muryar da ke biyo baya, "tunda na ɓata ai sai in ƙarasa." Ka tsaya nan take, ko ka ci ko an cinye ka, kuma ci ya fi haɗari. Kafin awa 24 ka gaya ma mutuminka, ɓoyewa ita ke mai da zamewa ɗaya ta zama wata shida. Ku zauna ku binciko ta ina tash shigo, wane kuɗɗi ne yaz zauna a hannunka, wace waya ce ba a toshe ba, wane ɓacin rai ne kah haɗiye ba ka faɗa ba, ku toshe wannan ramin a ranar. Ka yi istigfari ka sake ƙirga daga ɗaya, kwanakin da kay yi a baya ba su ɓace ba, abincin da yara sunka ci a cikinsu sun ci.

Mataki na goma: lokacin zuwa asibiti

In ka yi duk wanga kana ta komawa, ko barci ya ƙaurace maka, ko damuwa ta hana ka fita aiki, ko cacar ta haɗu da shan ƙwaya ko sirof, to ka ga likita. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, ba nisa daga cikin gari, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na san abin da mutane ke cewa in an ambaci Kware, ka bar su, wurin ba na masu yawo a bola kaɗai ba ne, akwai masu zuwa su ga likita su koma gida a ranar. Akwai jinya ta zama a yi magana, a koya maka gane tunanin da ke ja ka da yadda za ka karya shi, in kuma akwai ciwon damuwa a ƙasa sai a haɗa da magani. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, ka riƙe duka biyu.

In kuwa ya kai ga kana jin gara ka mutu ka huta da bashi da kunya, ɗan uwa don Allah kar ka kwana da wanga tunani kai ɗaya. Yana zo ma masu caca da yawa, kuma yana wucewa kamar yadda sha'awar ke wucewa. Ka tada wani a gidan ko da ƙarfe biyu na dare ne, ka gaya masa da bakinka abin da kake ji, ya zauna tare da kai, ku tafi asibiti mafi kusa a daren ko da asuba. In za ku tafi ka ɗauki takardar nan mai lamba da jerin basussukan, ka miƙa ma likita, zai taimaka masa ya gane inda abin yak kai ba sai ka yi ta neman kalmomi ba.